Darasi: Yadda Ake Kwashe Tarkace Bayan Mahaukaciyar Guguwa

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Birnin Shehu. Darasinmu na yau ya shafi aikin da ke biyo bayan mahaukaciyar guguwa, wato kwashe tarkacen da ta bari, kuma za mu duba tsarin da biranen gaɓar tekun Amurka suke bi, domin suna cikin waɗanda suke yawan shan wannan wahala.

Guguwar da muke magana a kanta ita ce wadda ke haɗuwa a kan teku, gudun iskarta ya kai kilomita 119 a sa'a guda ko ya zarce, kuma lokacinta a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Irinta ba ta zuwa Sakkwato, saboda muna nesa da teku. Sai dai da yawa daga cikinsu suna samo asali ne daga hadarin da ke ratsa yankinmu na Afirka ta Yamma da damina yana nausawa yamma, har ya faɗa teku ya ƙara ƙarfi.

Idan iska ta lafa, aikin farko shi ne buɗe hanya. Ma'aikata suna ture itatuwa da turakun lantarki gefe, ba tare da sun ɗauke su ba, domin motocin asibiti da na kashe gobara su samu wucewa. Bayan haka ne hukumar gari take sanar da magidanta su fito da tarkacensu bakin titi, kuma a nan ne zuciyar darasin take, domin ba a yarda a tara komai wuri guda ba.

Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, tana shawartar a raba tarkacen kashi shida. Rassan itace da ganye suna tsibi guda. Ɓaraguzan gini, kamar katako da rufi da katifun da suka jiƙe, suna nasu tsibin. Firiji da injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki a ware su daban, haka talabijin da kwamfuta. Sai kaya masu haɗari, irin su fenti da batir da maganin ƙwari da baƙin mai, sannan sharar gida ta yau da kullum, wadda motar da ta saba ɗauka ce za ta ɗauke ta.

Dalilin wannan rabo shi ne kowane tsibi da motarsa, kuma kowace mota da inda za ta sauke. Itace ana kai shi wani fili na wucin gadi a niƙa shi da inji, abin da ke rage girmansa da kusan kashi uku cikin huɗu. Firiji sai an zuƙe iskar sanyin da ke cikinsa kafin a sayar da ƙarfen. Saboda haka direban da aka turo ɗaukar rassa, idan ya tarar an cusa gwangwanin fenti a cikinsu, wucewa zai yi, mai gidan kuma ya jira zagaye na gaba, wanda kan iya ɗaukar makonni. Bayan guguwar Katrina, wadda ta afka wa New Orleans a ƙarshen Agustan 2005, mutane sun riƙa naɗe firijinsu da salatif suna fitar da su bakin titi, saboda abincin ciki ya ruɓe a makonnin da babu wuta. Ƙa'ida ce ma a ɗaure ƙofar ko a cire ta, kada yaro ya shiga ta rufe da shi.

Wurin ajiyewa ma yana da doka. Tsibin ya kasance kusa da titi, cikin tazarar kamar mita 3, amma kada ya tare hanya ko magudanar ruwa, kuma a nisanta shi daga turakun lantarki da famfon kashe gobara, domin da ƙugiyar inji ake ɗauka, kuma ƙugiya ba ta bambance reshe da waya.

To, jama'a, mu dawo gida. Iskar farkon damina tana yaye kwanon rufi tana karya dogon yaro, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da kogin Rima ya cika ya batse, sun san yawan abin da ruwa ke bari. A ganina kuskurenmu mafi tsada shi ne tura ɓaraguzai cikin kwata, kamar yadda duk wanda ya san unguwar Mabera ta nan Sakkwato da damina zai shaida. Ba mu da mota shida, amma muna da masu ɗauka iri-iri: kwano da ƙarfe 'yan gwangwan za su saya, rassa masu itacen girki suna so, ƙasar katangar da ta faɗi kuma a sake kwaɓa ta ko a cike zaizaya da ita. Idan mai unguwa ya tsayar da ranar aikin gayya, ya nuna inda kowane iri zai zauna, abin da zai rage wa tifar hukuma kaɗan ne. Masu aikin su sa takalmi mai kauri da safar hannu saboda ƙusoshi da kunama, kuma duk wayar lantarkin da aka gani a ƙasa a ɗauka akwai wuta a jikinta har sai ma'aikatan lantarki sun zo.