Amsoshin Tambayoyinku: Wai me ake koyarwa a sashen nazarin addinai?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga Kafanchan take, wani bawan Allah ne ya ce ɗansa ya samu admishan a jami'a amma nazarin addinai aka ba shi, shi kuma hankalinsa ya ƙi kwanciya, yana tsoron kar a je a rikita wa yaro aƙida, wai kuma ma meye amfanin karatun?

Toh Malam, a wannan sashen dai ba a fatawa, ba a wa'azi. Ana bin diddigi ne a ga me mutane suka yi imani da shi, ya suke ibada, daga ina abin ya taso, ya kuma yake shiga harkar aure da gado da siyasa.

Kuma fa ba Turawa suka fara ba, mutane da yawa nan suke kuskure. Al-Biruni, wani masani Musulmi, wajen shekarar 1030, sai da ya zauna ya koyi Sanskrit, harshen littattafan Hindu, kafin ya rubuta littafinsa kan Indiya, kuma tun a farko ya faɗa cewa shi ba raddi ya zo yi ba, zai kawo maganarsu ne yadda su suke faɗinta. Ga Shahrastani, shi ma malami Musulmi, da ya rasu a 1153, mai littafin Al-Milal wan-Nihal, ya jero ƙungiyoyi da addinai kowa da hujjarsa. Su Max Müller, Bajamushen nan na Oxford, sai wajen 1870 suka fara kiran abin kimiyya.

Kusa da gida ma, wani Ba'amurke Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano, a 1946 ya fitar da littafi kan bautar iskokinsu da yadda Musulunci ya ratsa ta, yau da yawan ƙauyukan sun musulunta ko sun shiga coci, mai son sanin yadda ake yi a da sai ya nemo irin wannan rubutun.

Ni a ganina Malam, ku da kuke Kudancin Kaduna kun fi kowa buƙatar yaron da zai iya faɗin abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi daidai, ba abin da ya tsinta a WhatsApp ba. Aiki kuwa akwai koyarwa, akwai jarida, akwai ƙungiyoyin sasanci. Karatunsa na zaure kuma kar ya bari, don jami'a ba za ta koya masa wannan ba.