Inda Maki Ke Zubewa a Takardar Ingilishi ta WAEC

Assalamu alaikum, 'yan aji shida, da malamai, da iyayen da ke jiran sakamako. Kowace shekara sai ka ga yaro ya kwashe kiredit a darussa bakwai, Ingilishi kaɗai ya riƙe masa wuya, alhali ba a samun gurbin jami'a sai da C6 ko sama da haka a cikinsa. Yau za mu buɗe takarda ta biyu, wadda ake rubutawa da hannu, mu ga yadda mai dubawa yake raba maki.

Hukumar WAEC, wadda aka kafa tun 1952, tana ba wa wannan takarda awa 2 da maki 100. Insha'i yana da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30.

Mu fara da insha'i, tunda shi ne rabin takardar. Tambayoyi biyar ake kawowa ka zaɓi ɗaya: wasiƙa, ko muƙala don jarida, ko jawabi, ko muhawara, ko ƙagaggen labari. Ana so ka rubuta kalmomin da ba su gaza 450 ba. Shi kuwa mai dubawa, kashi huɗu yake raba makin. Abin da ka faɗa yana da 10. Tsarin da ka bi, wato gabatarwa da sakin layi da rufewa, shi ma 10. Iya sarrafa harshe 20. Ragowar 10 kuma na tsabtar rubutu ne: nahawu, da rubuta kalma daidai, da aya da waƙafi da babban baƙi.

To ku lura da wannan kashi na ƙarshe. Duk kuskure ɗaya, rabin maki ake cirewa. Kuskure 20 kawai, goman nan ta tafi. Wallahi akwai ɗalibin da kafin ya gama shafin farko ya cinye ta tas, saura duk jan biro ne kawai ake zagayewa.

Daga ina kurakuran suke fitowa? Da yawa daga Hausar da ke cikin kanmu ne, kuma ba abin kunya ba ne. Bahaushe zai ce "ara mini biro", ya kuma ce "na ari biro", tushen kalmar ɗaya ne. Sai yaro ya rubuta "borrow me your pen", alhali Bature ya raba mai bayarwa da mai karɓa, kowa da kalmarsa. Haka nan wajen ba da labari. A Hausa, da ka ce "jiya", ko "wata rana", ka gama sanar da lokaci, sai ka ci gaba da "yana tafiya, yana waige". A Ingilishi kuwa kowane aikatau sai ya ɗauki alamar shuɗaɗɗen lokaci a jikinsa. Shi ya sa labari zai fara da "went", a layi na uku ya koma "goes", a na biyar ya sake komawa baya.

Ƙagaggen labari shi ɗalibai suka fi rububi, don suna ganin ya fi sauƙi. Galibi karin magana ake bayarwa a ce ka tsara labarin da zai fito da ma'anarta, ko a ba ka jimlar da za ka rufe da ita. Nan ne masu hadda suke faɗawa rami. Yaro ya haddace labarin 'yan fashi tun daga gida, ko me aka tambaya shi zai juye, sannan ya liƙa karin maganar a wutsiya kamar facin taya. Mai dubawa yana ganin ɗinkin. A ganina, labarin ranar da akuyar gidanku ta ɓace ana gobe Sallah, in ka rubuta shi da gajerun jimloli masu tsabta, ya fi labarin harbe-harben da ka aro da manyan kalmomin da ba ka san inda suka dosa ba.

Sai auna fahimta. Za a ba ka nassi da tambayoyi a ƙasansa. Wasu amsarsu tana kwance a fili, wasu sai ka haɗa wannan da wancan. Akwai tambayar sunan yankin jimla da aikin da yake yi a nahawu, akwai ta adon harshe, akwai kuma wadda za a ja wa kalmomi layi a ce ka kawo madadinsu. A wannan ta ƙarshe, ma'ana kaɗai ba ta wadatar ba. Cire kalmar, saka taka a gurbinta, karanta jimlar. In kalmar jam'i ce ka kawo tilo, ka yi asara.

Taƙaitawa ita ce marainiyar takardar. Makinta ya fi na auna fahimta, amma da yake ita ce a ƙarshe, sai a iso ta hannu ya gaji, mai tsaron jarrabawa yana cewa saura minti goma. Abin da ake nema galibi jimloli shida ne, cikakku, da kalmominka. Wanda ya kwafo layin nassi ɗungurungum, ko da nan amsar take, sifili zai samu. Wanda ya rubuta guntun zance ba cikakkiyar jimla ba, a rage masa. Wanda ya cusa misalai da ƙarin bayanin da ba a nema ba, shi ma a rage.

Hukumar da kanta ta ba da shawarar yadda za a kasa lokacin: minti 50 ga insha'i, 30 ga auna fahimta, 40 ga taƙaitawa. Ɗauko takardar bara, ajiye agogo a gabanka, ka gwada ka ga ko minti nawa ke rage maka in ka iso shafin ƙarshe.