Abin Da Ya Cancanci Lokacinmu A Intanet

Masu sauraro, duk wanda ke riƙe da waya ya san yadda awa guda kan salwanta yana shafa fuskarta, bidiyo na bin bidiyo, har ya ajiye ba tare da ya tuna abu ɗaya da ya gani ba. Dalilin a fili yake, domin an gina manhajojin sada zumunta ne su riƙe mutum muddin za su iya, tunda daga talla suke samun kuɗin shiga. Abu mai amfani kuwa ba ya zuwa da ƙafarsa, sai an tashi an neme shi.

Mai son karatu ya fara da Project Gutenberg, wani rumbun littattafai a intanet. A shekarar 1971 ne wani ɗalibi a Jami'ar Illinois ta Amurka, Michael Hart, ya soma kwafar rubuce-rubuce cikin kwamfuta domin kowa ya samu, yau kuma wannan rumbu yana ɗauke da littattafai fiye da 70,000, galibinsu waɗanda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma masu aikin sa kai ne ke duba su shafi bayan shafi. Wikipedia ma, wadda aka buɗe a 2001, tana da sassa a harsuna fiye da 300, har da Hausa, sai dai wajibi ne mai karatu ya riƙa duba inda aka samo kowane bayani.

A fannin kallo, darussan lissafi da kimiyya na Khan Academy sun isa misali, haka kuma hotunan sararin samaniya da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fara fitarwa daga madubin hangen nesa na James Webb a watan Yulin 2022.

Inda nake so mu ɗan tsaya shi ne wasa, domin a nan ne aka fi yi wa intanet kuɗin goro, ana ganin kowane wasa ɓata lokaci ne. A 2008 masana a Jami'ar Washington suka fito da wani wasa mai suna Foldit, inda ɗan wasa ke lanƙwasa siffar furotin, wato wani sinadari da ke gina jikin halittu, a fuskar kwamfuta yana neman yanayin da ya fi dacewa da ita, yana tara maki. Yawancin 'yan wasan ba masana kimiyya ba ne, basira da haƙuri kawai suke da su. Amma a 2011, cikin kimanin makonni uku, suka gano siffar wani furotin na ƙwayar cuta mai haddasa wa birai ciwo irin na ƙanjamau, matsalar da ta gagari masu bincike fiye da shekara goma. Da aka buga sakamakon a mujallar kimiyya, an sanya ƙungiyoyin 'yan wasan cikin jerin marubutan binciken.