Lacca ga masu shagunan ɗinki: yadda ake zama da aibin yaro

Assalamu alaikum. Na baya a ɗan matso, fanka tana cinye murya.

Kukan masu shago kusan ɗaya ne: yaran yanzu ba su da kirki. Wannan nawa, wancan surutu. A kora, a ɗauko wani, bayan wata shida shi ma a kora. To, ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. A hadisin Ibnu Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya kwatanta mutane da raƙuma ɗari, da ƙyar ka samu na hawa guda a cikinsu. Kai mai yara biyar, cikakke kake jira?

Aibin yaro iri uku ne, kuma masu gida suna haɗa su a tukunya ɗaya. Akwai rashin iyawa: ɗinki ya karkace, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya. Maganinsa koyarwa. Akwai cin amana: ɗauke ragowar yadin mutane, karɓar kuɗin kwastoma a ɓoye. Wannan ba a yi masa kawaici, a kira uban yaro ko wanda ya kawo shi a zauna. Na ukun shi ya tara mu yau, wato hali, zanen dutse. Ba ka kankare shi, wurin zama kake nema masa.

Ɗauki mai nawa. Yana ƙona maka rai a kan keke, amma duba dalilin nawar. Sau da yawa shi ne mai maimaita awo kafin ya taɓa almakashi. Ɗinki idan ya ɓaci ana warwarewa, yanka kuwa ba ya komawa. Shadda yadi goma ta babbar riga, a yanke ta ba daidai ba, kai za ka biya. Wannan yaron teburin yanka ne wurinsa. Mai gaggawa ka ba shi dogon ɗinki miƙaƙƙe, gefen wando da bakin riga, kada ya kusanci wuya ko aljihu. Mai surutu shi zai tari kwastoma, ya ɗauki awo, ya lallashi wanda ya zo da fushi. Sharaɗi ɗaya: ba shi zai sa ranar karɓar kaya ba, don bakinsa ya fi hannun shagon sauri.

Kada wani ya ce sassauci ne. Abu Zarri sahabi ne da Annabi (SAW) ya yi wa shaidar gaskiyar harshe, amma da ya nemi a ba shi shugabanci sai ya ce masa shi mai rauni ne, abin kuma amana ce. Bai ɓoye masa rauninsa ba, kuma raunin bai rage masa daraja ba.

Ta yaya za ka gane ƙarfin yaro? Ba da ka ba, don kai laifi yake riƙewa. Sayi ƙaramin littafi. Mako biyu, kullum da yamma, rubuta wa kowane yaro abu ɗaya da ya yi daidai ba tare da an sa shi ba. Abin da ya fi maimaituwa, aikinsa ke nan.

Wajen gyara kuma, laifi ɗaya a zama ɗaya, a keɓe, ba gaban kwastoma ba. Ambaci aikin: "Wuyan nan ya ɗage, warware mu sake tare." Inda ake ɓata lamari shi ne laƙabi. Ka kira yaro Malalaci sau uku, sauran yara su ɗauka, shi ke nan ya daina ƙoƙarin wanke kansa. Haka gwada shi da wani, "dubi wane", gaba kawai yake haifarwa. Akwai kuma mai gidan da zai yi ta haɗiyewa wata uku, rana ɗaya ya zazzage duka, har da laifin bara. Yaro ba ya iya gyara abu goma a tare, sai ya ɗauki takalminsa.

Wannan sauyin aiki kada a fara shi a goman ƙarshe na azumi, lokacin da kaya suka yi tudu. A bari sai bayan Sallah da mako guda, shago ya yi sanyi, a gwada kowa a sabon wurinsa da yadi mai arha tukuna.