Fodkas daga Tawa: Maigida da walwalar yaran shago

Mariyama: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan birnin Tawa. Ina tare da abokan gabatarwata, Hajiya Rabi mai shagon ɗinki da Malam Sani mai garejin gyaran motoci. Yau za mu duba rawar da maigida yake takawa wajen sa ma'aikatansa su yi aiki da farin ciki a ƙaramar sana'ar da ba ta wuce mutum biyar ko goma ba. Malam Sani, daga ina walwala take farawa?

Malam Sani: Daga haƙƙi take farawa, Mariyama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A ƙasarmu Nijar an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000 a shekarar 2024, amma yawancin yaran da ke shaguna da gareji ba su da takardar aiki, ana biyansu ne a kan abin da suka ɗinka ko suka gyara, mai koyo kuma kuɗin abinci kawai yake samu. A irin wannan hali, abin da ya fi damun yaro shi ne ya san ranar da za a ba shi abinsa. Idan maigida ya saba da cewa a bari sai gobe, a bari sai jibi, to ko rago zai yanka musu ranar Sallah ba zai ga fara'ar gaskiya a fuskokinsu ba, domin mai haya da mai bashin hatsi suna jiransu a gida.

Hajiya Rabi: Na yarda da kai, Malam, sai dai na ga shagunan da ake biya a kan lokaci amma yara suna shiga da safe zukatansu a ƙuntace. Abin da ake hana su shi ne mutunci. A goman ƙarshe na azumi mu maɗinka kusan a shago muke kwana, kaya sun taru, ido ya gaji, kuma a lokacin ne yarinya take yanka shadda mai tsada ba daidai ba. Idan mai kaya ta zo tana faɗa, uwargijiyar da ta san aikinta takan ce kuskuren shagonmu ne, za mu gyara, sa'an nan bayan baƙuwa ta tafi ta kira yarinyar gefe ta nuna mata inda ta ɓata. Wadda ta zage ta a gaban jama'a ta huce fushinta, amma daga ranar hannun yarinyar zai riƙa rawa duk lokacin da ta ɗauki almakashi, sauran kuma za su koyi ɓoye kuskure maimakon faɗarsa da wuri. Yabo kuwa a bainar jama'a ya kamata a yi shi. Idan mai kaya ta yaba surfanin wuyan riga, sai a kira wadda ta yi shi da sunanta, a ce ga mai aikin.

Mariyama: Hajiya, akwai masu sauraronmu da za su ce sakin fuska yana jawo raini, kuma su da tsanani aka koya musu sana'a har suka zama abin da suka zama.

Hajiya Rabi: Ina jin wannan maganar kullum, kuma ban raina iyayen gidanmu na dā ba. Amma a tuna cewa wanda ya tsananta musu shi ne kuma ya ciyar da su, ya kai su asibiti, ya tsaya musu ranar aure. Masu kwaikwayonsu a yau sun ɗauki tsawar, sun bar ɗawainiyar.

Malam Sani: Raini ba daga murmushi yake shigowa ba, daga son kai yake shigowa. A yawancin shagunanmu akwai ɗan yaya ko ƙanen matar maigida, kuma idan shi ya makara aka yi shiru, wani ya makara aka yanke masa kuɗi, to an gama raba shagon gida biyu. Doka ɗaya ce ya kamata ta hau kan kowa, har da maigidan kansa. Akwai kuma cin rani, abin da ya shafe mu musamman a nan yankinmu na Adar. Da zarar an gama girbi samari sukan kama hanyar Abijan, ko Najeriya, ko Libiya, kuma maigida yakan rasa yaron da ya sha wahalar koya wa aiki. Wasu dole ce take fitar da su, babu mai iya tsayar da su. Amma da yawa suna tafiya ne saboda ba su hango komai a gabansu ba, shekara da shekaru suna wanke kayan aiki da miƙa sifana, maigida yana ɓoye musu sirrin buɗe inji don tsoron kada su fi shi. Yaron da aka gaya wa cewa bana zai fara gyaran birki shi kaɗai, baɗi a sa shi a inji, kuma ranar da aka yaye shi za a haɗa masa akwatin kayan aiki, shi ne yake zuwa gareji tun kafin a buɗe.

Mariyama: To ƙananan abubuwa na yau da kullum fa, kamar zafi da abinci da raha?

Hajiya Rabi: Ba ƙanana ba ne a wurin mai aiki. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a garin nan, saboda haka a fara aiki da sassafe, a huta da tsakar rana, a ajiye ruwan sanyi a randa. Kuma maigida ya zauna ya ci tare da su a kwano ɗaya, ya sha shayi tare da su, domin a nan ne zai ji wane ne mahaifiyarsa ba ta da lafiya, wane ne yake shirin aure.

Malam Sani: Game da raha, muna da gadon wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, irin na Bagobiri da Bazabarme ko na Bafulatani da Babarbare, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da sunan Nijar a shekarar 2014. A gareji yana sauƙaƙa gajiya ƙwarai. Aikin maigida shi ne ya lura da lokacin da wasa ya koma cin fuska, musamman idan kullum a kan ƙaramin yaro ɗaya ake tarar dariya, ya tsayar da abin tun bai yi nisa ba.

Mariyama: Saura lokacin da kasuwa ta tsaya. Mun tuna shekarar 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sa aka rufe iyakarmu da Najeriya ta Ƙonni, kaya suka yi tsada, wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya ta yanke. Maigidan da shi kansa yake cikin damuwa, yaya zai yi da yaransa?

Hajiya Rabi: Ya gaya musu gaskiya. Yara suna ganin yawan kayan da ke shigowa, ba za a iya ruɗinsu ba, kuma shirun maigida ya fi ba su tsoro a kan mummunan labari. Ya tara su ya ce ga abin da ya shigo a wannan mako, ga kuɗin haya, ga abin da ya rage, kuma ya fara rage nasa kason kafin ya taɓa nasu. Ya kuma nemi shawararsu, domin sau da yawa yarinyar da ke zaune a bakin ƙofa ta fi shi sanin abin da masu saye suke tambaya, ko kayan makaranta ne ko gyaran tsofaffin tufafi, kuma irin wannan ƙaramin aiki ne yake riƙe shago har kasuwa ta dawo.

Mariyama: Mun gode, Hajiya, mun gode, Malam. A shiri na gaba za mu tattauna yadda ma'aikatan shago ɗaya suke tsara adashi a tsakaninsu. Sai mun sake haɗuwa.