Jawabin Maraba ga Ministan Sufuri a Damagaram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Ministan Sufuri, mai girma Gwamnan jihar Damagaram, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, malamai, iyaye mata da sauran manyan baƙi, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin ƴan kasuwa da masu motocin dakon kaya na wannan gari, ina yi maka barka da zuwa, da fatan kai da tawagarka kun sha hanya lafiya.

Damagaram ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, amma ta daɗe tana cin moriyar dogon maƙwabta. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗarmu da fatunmu suka riƙa gangarawa kudu a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, domin a loda su a jirgi zuwa tashar ruwan Legas. Da layin ya kai Nguru a 1930, mutanen gabas suka samu tasha kusa da su.

Shi ya sa muka yi murna a watan Afrilun 2014, lokacin da Shugaba Issoufou Mahamadou tare da takwarorinsa na Benin da Togo suka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, ta farko a tarihin Nijar. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo mai tsawon kusan kilomita 140 har Dosso, aka kuma yi bikinsa a Janairun 2016. Sai dai ba a kai ga haɗa shi da layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku ba, saboda shari'ar da ta taso a Benin kan wanda ke da ikon yin aikin. Ga tasha an gina, ga ƙarfe a shimfiɗe, amma babu jigilar fasinja ko ta kaya. A ganinmu, mu da muke lissafin kuɗin mota kullum, dalilin a fili yake: ɗan kasuwa ba ya ɗora hajarsa a jirgin da ba zai kai ta bakin teku ko babbar kasuwa ba.

Ranka ya daɗe, a Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura, kuma Daura a bakin ƙofarmu take. Roƙonmu shi ne a saka Damagaram cikin tsarin tun yanzu, domin muna da abin lodi: man matatar SORAZ, wake, dabbobi da kayan da ke cika Kasuwar Dole.

Mun rubuta waɗannan buƙatu a takarda, kuma za mu miƙa maka ita bayan gaisuwa a fadar Mai Martaba. Allah Ya yi maka jagora, Ya maishe ku Yamai lafiya. Wassalamu alaikum.