Sharhi: Bayan an watse daga suna, wa ke tare da mai jego?

Jama'a masu saurarenmu a nan Tawa, har Keita, Buza da Illela, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan mai jego yake, musamman wadda ta yi haihuwar fari.

Ranar suna kowa yana nan. An yanka rago, an raba goro da dabino, ƴan barka sun cika tsakar gida, jariri na yawo hannu-hannu ana gardamar ko hancin na dangin uba ne. Kwana biyu sai a naɗe tabarmi. Wadda ta saura ita ce yarinya da jinjiri mai tsala kuka ƙarfe uku na dare, nono ya cika ya yi tauri, kansa ya tsattsage, ɗinki bai warke ba, barci kuwa sai gyangyaɗi a zaune. Na ce yarinya da gangan, domin alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Da yawansu ba su gama sanin jikinsu ba aka ɗora musu wani rai.

Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suka yi goyon ciki. Ciki na tsufa mace ta koma gidansu. In ta sauka, uwa ko gwaggo ko tsohuwar ungozoma ce ke hura wuta tun asuba, ta yi mata wanka, ta gasa wa jariri cibiya, ta nuna mata yadda ake tallafe wuya da yadda ake ɗaure zanen goyo. Har ta yi arba'in ba daka, ba jan ruwa a rijiya. Ga kunu, ga ƙauri, ga yaji. Kuma a cikin wannan hidima ne tsohuwa ke lura da idon ƴarta, ta gane yau ba ta ci abinci ba, jiya ta yi kuka a ɓoye.

Yau fa? Ɗakin haya ne a birni, uwa tana can ƙauye, miji ya tafi bida Abijan ko Libiya. Ya turo kuɗin rago, ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, a ganinsa ya fita haƙƙi. Tafasasshen ruwa da kunun kanwa mun riƙe su gam, amma mutanen da ke zama da mai jego su ne muka saki. Alhali ruwan da kanwar su ne likitoci ke da magana a kansu: tun shekarun 1970 masu bincike a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin wanka da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, likita take buƙata a ranar, ba ƙarin garwashi ba.

Sai maganar kunya. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban manya. Ni ba ni da ja da wannan, tarbiyya ce. Inda nake da ja shi ne in kunyar ta kai ga ba za ta iya cewa ta gaji ba. Kukan da ba dalili a kwanakin farko abu ne sananne, sinadaran jiki ne ke sauyawa bayan haihuwa, kuma yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, ta daina cin abinci, ko jariri ya yi barci ita ba ta runtsawa, tana ganin ba ta cancanci zama uwa ba, to ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa na fama da irin wannan ciwon damuwa bayan haihuwa. Mu kuwa amsarmu a shirye take: “Ke kika fara haihuwa?” Ko a ce shagwaɓa ce, ko a ce iska, a kawo turare. Addu'a tana da wurinta, amma ciwon yana da magani a likita. Hukumar ta ba da shawarar a duba uwa da ɗanta sau huɗu: cikin awa 24 na farko, kwana na uku, mako na biyu, sai mako na shida. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a ƙasar nan, kuma mata na zuwa awo da rigakafi. Ana ɗora yaro a sikeli, a rubuta a kati, a kira ta gaba. Tambaya ɗaya ga uwar, “ke fa, yaya kike kwana?”, ba ta cin minti guda.

Kada a ɗauka labarin duk wahala ne. Ku dubi yarinyar nan bayan wata uku. Daga bakin murhu tana bambance kukan yunwa da na ciwon ciki. Ta iya saɓa yaro a baya da hannu ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da surukarta ta ɗebo ruwan randa cikin zafin watan Afrilu za ta ba jinjiri, ita kuma ta durƙusa ta ce: “Inna, ki yi haƙuri, an ce nono kaɗai har wata 6, akwai ruwa a cikinsa.” Gaskiya ta faɗa, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Wadda ko ido ba ta iya haɗawa da Inna bara, yau ta tsaya wa ɗanta, kuma ba ta zubar da ladabi ba. Irin wannan ƙarfin hali yakan zo da wuri ga wadda ta samu mai karɓar mata yaro ta ɗan rintsa.

Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. Mai tuyar ƙosai ba ta da wannan, kwana arba'in da ɗaya tana bakin kasko da goyo.

Ku kuma maza, tun 2008 aka fara makarantar mazaje a jihar Damagaram da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, kuma ba wanda rawaninsa ya faɗi. In kana gida, karɓi yaron bayan sallar asuba ta samu awa ɗaya. In kana bida, kafin ka ce a nuna maka fuskar yaro a waya, ka tambayi uwarsa wa ke kwana da ita. In ta ce ba kowa, kuɗin motar da zai kawo innarta ko yayarta daga ƙauye bai kai kuɗin ƙafar ragon suna ba.